Sabon Daji, Sabon Layin Tarko: Ta Ina Za a Fara?

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan'uwa da ke zaune a arewacin lardin Ontariyo na ƙasar Kanada. Ya ce ya gama kwas ɗin masu tarko, ya karɓi lasisi, kuma wani dattijo mai rijistar layin tarko, wato yankin dajin da gwamnati ta ba shi izinin ɗana tarko a ciki, ya ɗauke shi mataimaki. Dattijon ya bar masa ɓangaren arewa na layin, wanda ya yi shekaru ba a taka ba saboda gwiwa ta daina kai shi can. Yana da tarkuna kusan sittin da babur ɗin ƙanƙara. Abin da yake son sani: ta ina zai fara, kuma yaya zai rarraba tarkunan a dajin da bai sani ba?

Ƙanena, barka da arziki. Samun gurbi a layi mai rijista ba ƙaramin abu ba ne, akwai waɗanda suka shekara da shekaru suna nema ba su samu ba. Amma abin da zan fara gaya maka ba lallai ya yi maka daɗi ba: tarkunan nan sittin, ka bar rabinsu a rataye a rumfa bana. Shekarar farko a sabon daji ta koyon dajin ce. Fatun da za ka samu a cikinta gyara ne aka yi maka.

In ka taɓa ɗana wa gafiya tarko a ƙauye kana yaro, to ka riga ka san rabin sana'ar nan. Ba a tsakiyar fili kake ajiye shi ba kana fatan ƙanshin ƙuli-ƙuli ya kirawo ta. Gindin danga kake bi, ka ga inda ƙasa ta yi sulɓi saboda yawan wucewarta tsakanin raminta da rumbu, nan za ka ɗana. Dabbobin can suka bambanta da namu, ga sanyi ga ƙanƙara, amma hankalin ɗaya ne. Tarko ba ya kawo dabba inda ba ta bi. Kwalaben turaren jan dabba da ake sayarwa a shaguna suna da amfaninsu, sai dai aikinsu bai wuce karkato dabbar da ta riga ta zo kusa ba, ta yi 'yan taku zuwa bakin tarkonka. Sababbin shiga kan kashe kuɗinsu kan turare, su yi rowar ƙafarsu. Kai ka juya lissafin.

Kafin ka taka dajin, ka je gidan dattijon nan da taswira a buge a takarda, babba, wadda zai iya zana biro a kai. Da ɗan gari akan ci gari. Kada ka ce masa "Baba, ina ne ake samun dabbobi?" domin zai ce maka ko'ina, hirar ta ƙare. Ka yi masa tambayoyi ƙanana. Wane rafi ne ba ya daskarewa sosai ko a Janairu? A ina ya taɓa burmawa? Wace shekara aka sare itatuwan tudun can, wace shekara gobara ta ci wancan gefen? Ina tsofaffin akwatunan tarkonsa suke? Wannan ta ƙarshe ta fi sauran tsada. Mutumin da ya shekara talatin a layi ba ya barin akwati a inda ba ya kamu, saboda haka duk ruɓaɓɓen akwatin da ka gani manne da bishiya, shaida ce aka bar maka. Ka dai duba ko dajin da ke kewaye da shi yana nan yadda yake, domin in an sare shi, akwatin tarihi ne kawai.

A zaman nan kuma ka tabbatar da iyaka. Layukan da ke ƙasar gwamnati kowanne da lambarsa da iyakarsa a wurin ma'aikatar albarkatun ƙasa ta lardin, kuma babu abin da ke ɓata zumunci tsakanin masu tarko kamar tsallake iyaka. Ka san maƙwabcinka na kowane gefe, ka je ka gaishe shi. Wasu daga cikinsu 'yan asalin ƙasar ne, Kiri da Ojibwe, waɗanda kakanninsu ke kama biba, wata dabbar ruwa, a rafukan nan tun kafin a kafa kamfanin cinikin fatu na Hudson's Bay a 1670, kuma suna da haƙƙin farauta da tarko a ƙarƙashin yarjejeniyoyinsu da gwamnati. Ka shiga da ladabi irin na baƙo. Sannan ka tambayi dattijon nawa ne kason da aka yanka wa layin na kowace dabba, kuma nawa ya bar maka a ciki, domin duk abin da ka kama a kan kasonsa za a lissafa shi.

Taswira da hoton tauraron ɗan'adam ba za su nuna maka dabba ba, amma za su rage maka wahala. Abu uku nake nema a kansu. Ruwa: tafkuna, rafuka, da 'yan gajerun tsallake tsakanin wannan ruwa da wancan. Tsohon daji mai duhu, wanda a hoto yake fitowa kore mai kauri, daban da filin da aka sare mai haske. Sai ƙunci, wato duk inda ƙasa ta matse: siririn daji tsakanin tafki biyu, zirin bishiyoyin da masu sara suka bari a bakin rafi, kwarin da ke tsakanin tuddai biyu. Dabbar da ke yawo dole ta bi ta ƙuncin, kamar yadda duk mai shiga tsohon gari dole ya bi ta ƙofa. Ka sa alama a kowanne. Ka tuna dai hoton na iya zama na shekarun baya. Kamfanonin katako a Ontariyo suna fitar da jadawalin aikinsu na kowace shekara, kuma kowa na iya dubawa. Ka duba. Na taɓa shafe Satumba guda ina share hanya da kafa akwatuna a wani daji mai kyau, na dawo a Nuwamba na tarar da manyan injuna sun kwantar da shi. Ba laifin kowa ba ne, yana rubuce a jadawalin, ni ne ban karanta ba.

Daga nan sai ƙafa. Lokacin da ya fi shi ne daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ganye ya zube, sauro ya tafi, ruwa bai daskare ba. Ka fara da biba, dabbar nan mai faffaɗar wutsiya da ke sare itace da haƙori tana tare rafi, domin ita ce gishirin layin gaba ɗaya. Fatarta kuɗi ce, jakar ƙanshin da ke gindin wutsiyarta ana busarwa a sayar a kan awo, namanta kuma shi ne abincin tarkon da za ka kama sauran dabbobin da shi duk hunturu. Gwamnatin lardin ma tana sa ran mai layi ya kama mafi yawan kason biban da aka ba shi, saboda in suka yi yawa suna cika hanyoyi da ruwa.

Ba kowane gidan biba ne ke da mai shi ba. Tulin itacen da ka hango a tsakiyar tafki na iya zama kufai. Abin da za ka nema shi ne rumbunta: da kaka biba kan tara ɗanyun rassa a cikin ruwa gaban gidan, kawunansu a waje, abincin da za ta ci a ƙarƙashin ƙanƙara har bazara. Gidan da ke da sabon tari a gabansa, da ɗanyen taɓo baƙi da aka yaɓe a kansa, da fararen sandunan da aka ɓare bawonsu suna yawo a bakin ruwa, wannan rayayye ne. Girman tarin yana ba ka hasashen yawan iyalin. Ka duba kuma bishiyoyin da ke kewaye. Biba ta fi son asfen, mai farin jiki da ganyen da ke rawa ko iska kaɗan ce. In ka ga sun cinye asfen ɗin da ke kusa, suna jan itace daga nesa ko sun koma kan wanda ba su so, wannan iyali ya kusa tashi ko yunwa ta kama shi, to da shi za ka fara. Wanda ke zaune cikin yalwa a sabon wuri kana iya jinkirta masa.

Ka ƙirga gidajen, ka rubuta kowanne da inda yake. Ƙirgar nan tana da asali. A shekarun 1920 an kusa ƙarar da biba a gabashin gaɓar James Bay saboda kowa na kamawa babu lissafi, har yunwa ta shiga cikin mutanen Kiri. Wakilin kamfanin Hudson's Bay a Rupert House, garin da yanzu ake kira Waskaganish, James Watt, da matarsa Maud, suka nemi gwamnatin Kebek ta keɓe yankin, aka yi hakan a 1932. Mafarautan Kiri suka riƙa ƙirga gidajen biba a yankunansu kowace shekara ba tare da kamawa ba, sai wajajen 1940 aka sake buɗe tarko, shi ma bisa kaso. Har yau Kiri na can suna da shugaban kowane yankin farauta, wanda ke cewa bana a shiga nan, a bar can ya huta. Tsarin da nake ba ka shawara a kai ke nan: ka kasa gidajen biban ɓangarenka gida uku, kowace shekara ka shiga kashi ɗaya.

Wajen ɗanawa, tarkon da ake amfani da shi shi ne mai murabba'i da ke rufe wuya da ƙirji nan take, wanda wani ɗan Kanada mai tarko, Frank Conibear, ya ƙirƙira, aka fara sayar da shi a ƙarshen shekarun 1950. Na biba shi ne lamba 330, bakinsa kusan inci 10. Kafin ruwa ya daskare, ka nemi hanyoyinta na ƙarƙashin ruwa: in ka shiga da dogon takalmin roba za ka ji wani kwari mai tauri a ƙasa inda suke bi kullum, gefe da gefe kuwa taɓo ne mai laushi. Ka nutsar da tarkon a kwarin, ka kafe shi da busassun sanduna, ka gitta sanda a samansa a kan ruwa don dabbar ta nutsa ta shiga. Busassu na ce, domin in ka sa ɗanye za ta tsaya ta ci shi ta ture maka tarko. In ka ɗana daf da ƙofar gida, 'ya'yan bana za ka yi ta kamawa, ƙananan fatu marasa kuɗi. Manyan su ne ke zuwa nesa, wurin saran itace da duba madatsa. Saboda haka ka ja baya. Bayan ƙanƙara ta rufe, in tana da haske za ka ga jerin kumfar iska a ƙarƙashinta, ita ce hanyar. Ka huda tsakanin gida da rumbu, ka zura sanda da tarko da ɗanyen asfen a ɗaure.

Hanyar da biba ke bi ita ota, wata dabbar ruwa mai cin kifi, ke bi, musamman tsallaken kan madatsa da gajerun hanyoyin tsakanin tafkuna. In ota kake so kuma kana da kasonta, nan ne wurin, za ka gane shi da santsin da take yi a gangare da kashinta mai ɓawon kifi. In ba ka da kaso, ka bar tsallaken nan, sannan ka tura wayar kunna tarkon can gefe ɗaya. Ota siririya ce, sau da yawa takan wuce ba ta taɓa ba, biba kuwa faɗinta ba zai bar ta ta wuce ba.

Yanzu matin, wadda a arewa ita ce ke biyan kuɗin mai. Ƙaramar dabba ce, ba ta kai kyanwa ba, mai laushin gashi, a kasuwar duniya har sebul ɗin Kanada ake ce mata, da sunan wata 'yar'uwarta mai tsadar fata. A nan ne na fi ganin sababbi suna asara, kuma a nan ne za ka iya lalata layin mutum cikin hunturu ɗaya ba ka sani ba.

Matin tana son tsohon daji mai bishiyar sifurus da ire-irenta masu ganyen allura, inda sama ta rufe, ƙasa kuma cike da faɗaɗɗun kututture. Dalilin yana ƙarƙashin dusar ƙanƙara: ɓerayen daji a can suke rayuwa duk hunturu, kuma ta gefen kututturen da ya jingina ne matin ke samun ƙofar shiga wurinsu. Dajin da ka ga ƙasansa fes kamar an share, ko bishiyoyin sun yi tsawo, ba nata ba ne. Ba ta son ratsa fili, saboda mujiya da shaho. Shi ya sa zirin bishiyoyin da ya haɗa manyan dazuzzuka biyu ya fi tsakiyar kowannensu kamu. Inda rafi ya shiga tsohon daji, inda fadamar bishiyar sida ta haɗu da tudu, bakin tafkin biba da bishiyoyi suka zo har ruwa, waɗannan su ne wuraren. Idan dusar farko ta sauka, ka ajiye duk abin da kake yi ka fita da sassafe. Sawun matin bibbiyu ne a jere, tsalle-tsalle, ɗaya ya ɗan gota ɗaya. Na fisha, babbar 'yar'uwar matin, haka yake amma ya fi girma. Kwana biyu na bin sawu a sabuwar dusa sun fi wata guda na kallon taswira.

Akwatin katako ake yi mata, nama a can ciki bayan raga, tarko lamba 120 a baki. Ka kafa shi a jikin bishiya ko kan sandar da ka jingina, sama da inda dusa za ta kai a Fabrairu, ba inda take a Nuwamba ba. Bakin akwatin ya kalli ƙasa ko ya karkata, don dusa kada ta cika shi, kuma tsuntsaye kada su hango naman. Akwai wani tsuntsu mai ruwan toka a dajin nan da ba ya tsoron mutum, in ka bar nama a fili shi za ka yi ta kamawa. Ka ɗaure tarkon yadda dabbar za ta yi reto a iska bayan ta kamu, ba ta taɓa ƙasa ba, ba ta jingina da bishiya ba. In ta taɓa ƙasa ɓeraye za su aske gashin su yi sheƙa da shi, in ta manne da bishiya mai ƙaro, ƙaron zai liƙe a gashin, duka biyun kuma mai tantance fata ba ya yafewa. Akwatunan ka kafa su tun Satumba babu tarko babu nama, su sha ruwa su yi warin daji. Kada ka yi saurin sa nama, domin baƙin beyar, ƙaton naman dajin nan mai kwanan hunturu, bai shiga rami ba tukuna, zai bi layinka yana farfasa su ɗaya bayan ɗaya. Turare kuwa, mai warin sikank ake shafawa a reshe sama da akwatin. Warinsa irin na bodari ne, shi ne ke tafiya nesa cikin tsananin sanyi lokacin da naman ya daskare ya daina wari. Ka ajiye kwalbar a waje, in ba haka ba uwargida za ta kore ku kai da ita.

Tazara fa? Ni a daji mai kyau nakan bar kamar rabin kilomita zuwa kilomita tsakanin akwati da akwati, amma ba da awo nake yi ba. In na ratsa kilomita uku na saran bara, ko ɗaya ba na sawa. In na zo ƙunci mai sawu, sai in sa biyu kusa da juna, domin ranar da matin ta motsa ba ita kaɗai ke motsawa ba, kuma tarkon da ya riga ya kama ya tashi daga aiki har sai ka dawo.

Ga abin da ya fi duk wannan. Matin ba ta da wayon tarko, tana shiga akwati kamar an kira ta. Dajin da ya huta shekaru zai ba ka kamu mai yawa a makon farko, har ka ɗauka kai gwani ne. Waɗanda ke fara faɗawa su ne 'ya'yan bana da ke neman wurin zama, da maza, saboda yankin yawon namiji ya fi na mace faɗi. Waɗannan rarar daji ce, da yawansu ba za su ga bazara ba ko babu tarko. Manyan mata su ne iri. Matin ba ta haihuwa da yawa, kuma ba ta fara haihuwa da wuri, saboda haka uwa ɗaya da ka kashe ba ƙaramin gibi ba ne. Duk wadda ka feɗe ka rubuta namiji ne ko mace, ɗan bana ne ko babba. Ka duba saman ƙoƙon kai: a ɗan bana tsokar gefe da gefe ba ta haɗu a tsakiya ba, akwai fili, a babba kuwa ta haɗe, kuma abin ya fi fitowa sarai a maza. Dattijon zai nuna maka da hannu cikin minti biyar. Ranar da ka ga manyan mata sun fara yawa a cikin kamun, ka kwashe tarkunan matin, ko kasonka bai cika ba, ko saura wata biyu a rufe kakar tarko. Sannan ka zaɓi wani yanki na tsohon daji mai wuyar shiga ka haramta wa kanka shi gaba ɗaya. Daga nan ne za a riƙa cike maka gurbin waɗanda ka kama.

Sauran dabbobin ba zan daɗe a kansu ba, domin bana ba shekararsu ba ce a wurinka. Linkis, kyanwar dajin nan mai manyan tafuka, tana bin zomon dusa ne, yawansu yana hawa yana sauka tare kusan duk shekara goma, abin da tun daga tsofaffin littattafan cinikin fatu na Hudson's Bay aka gano shi. In ka ga hanyoyin zomo sun yi kaca-kaca a matashin daji mai kauri, akwai linkis kusa. Da ido take farauta, don haka abu mai reto a reshe ya fi turare tsayar da ita. In zomo ya yi ƙaranci ka ƙyale ta. Minki, wata 'yar'uwar matin, bakin ruwa take bi, tana leƙa kowane rami, ka neme ta ƙarƙashin gada da bakin kwalbati da inda gaɓa ta tsaya tsaye ta tilasta mata shiga ruwa. Yanyawa da kyarkeci da wani karen daji da ake kira koyoti kuwa makaranta ce daban, hancinsu ya fi wayonka, ka bari sai ka yi kaka guda kana bin dattijon kana kallon hannunsa.

Siffar layin ta zama zagaye in ƙasa ta yarda, ka fita ta nan ka dawo ta can, kada ka bi hanya ɗaya sau biyu kana ƙona mai a banza. Tsawonsa kuma ba ƙarfinka na ranar Asabar mai rana zai yanke shi ba. Ka tambayi kanka: ranar da sanyi ya kai 30 ƙasa da sifiri, rana ta faɗi kafin biyar, babur ya ƙi tashi, zan iya zagaye shi? Sannan akwai aikin da ke jiranka a gida. Biba ɗaya, sabon hannu zai iya shafe fiye da awa guda kafin ya feɗe ta, ya kankare kitsen, ya buga ta a allo. Ka kama shida a rana ɗaya ka ga yadda dare zai yi maka. Fatar da aka kama da kyau aka gyara da gaggawa, a gwanjon kamfanin Fur Harvesters na garin North Bay za ta faɗo daraja, kuma tun da babban kamfanin gwanjon NAFA ya durƙushe a 2019, can ne mafi yawan fatun dajin yankin ke zuwa. Abin da ya sa na ce talatin sun ishe ka ke nan: kamar ashirin na matin, goma na ruwa.

Kada kuma ka yi gaggawar buɗe kaka don kawai doka ta buɗe. Gajartar rana ce ke nunar da gashi. In ka feɗe ka ga cikin fatar shuɗi-shuɗi ko baƙi, ba ta nuna ba, nunanniya fara ce kamar madara. Matin da minki suna nuna da wuri, cikin Nuwamba zuwa Disamba, biba kuwa sai tsakiyar hunturu take kai ƙarshen kyanta. Biban da za ka kama a Oktoba don nama ne fiye da don fata, ka ɗauki abin da zai ishe ka ka bar sauran.

Tun da kai Musulmi ne, maganar fatar dabbar da ba a yanka ba za ta zo maka, in ba daga zuciyarka ba to daga gida. Hanafawa da Shafi'awa suna ganin jima tana tsarkake fatar mushe, mashahurin zance a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta kuwa ya fi tsanani, musamman wajen sayarwa. Ka zauna da malamin da ka yarda da shi kafin kaka, ba bayan fatu sun taru ba.

Tarkunan da kansu ka duba su da jerin waɗanda aka amince da su. Kanada ta sa hannu a yarjejeniyar tarko mai sauƙaƙa wa dabba tare da Tarayyar Turai a 1997, Rasha ma tana ciki, kuma Cibiyar Fatu ta Kanada ce ke fitar da sunayen tarkunan da suka ci gwaji ga kowace dabba. Na matin dole ya gusar da hankalinta cikin daƙiƙa 120, na biba cikin 300. Tsohon tarkon da ka saya da araha wanda ƙarfensa ya saki, ba ya cikin lissafi ko sunansa na jerin. Littafin dokokin lardin na bana shi zai gaya maka ranakun buɗewa da rufewa da sau nawa za ka duba kowane irin tarko, ka sa shi a aljihun babur. Kai da kake sabo, 330 ya tsaya cikin ruwa. Duk inda mutane ke yawo da karnuka, bakin hanyar mota ko kusa da gidajen hutu, kada ka sa tarko mai kisa a ƙasa ko kaɗan. Kare ɗaya ya isa ya jawo wa masu tarkon lardi gaba ɗaya baƙin jini.

Littafin rubutu ka riƙe shi kamar ɗan kasuwa. Kowane tarko da lambarsa, inda yake a na'urar GPS, irin dajin, ranar da ka ɗana, abin da ya kama da ranar. Har wanda bai kama komai ba ka rubuta, shi ma labari ne. Ka ƙirga tarkunan ranar fita da su, ka ƙirga ranar kwashewa, lissafin ya zo daidai. Tarkon da aka manta a daji yana ci gaba da kisa babu mai amfana. A ƙarshen kaka za ka ga kaɗan daga cikin wuraren su ne suka kawo mafi yawan kamun. Baɗi sai ka bar waɗannan a inda suke, ka ɗauke marasa amfanin ka gwada sababbin wurare da su, ka ƙara da talatin ɗin da ke rumfa.

Saura ƙanƙara, wadda ita ce ke kashe masu tarko, ba beyar ba. Ƙungiyar Red Cross ta Kanada tana cewa santimita 15 ga mai tafiya shi kaɗai, 25 ga babur. Amma wannan awon na ruwa mai kwanciya ne. Kewayen gidan biba da kan hanyoyinta ƙanƙarar siririya ce ko a tsakiyar hunturu, saboda kai-komonsu yana cin ta daga ƙasa, haka ma bakin madatsa da inda rafi ke shiga tafki ko fita. A ruwan da ba ka sani ba, ka sauka daga babur, ka riƙe dogon ƙarfen sara, ka doka gabanka kafin kowane taku. Ka rataya ƙusoshin fita daga ruwa a wuya, a waje da riga, ka ajiye busassun kaya da ashana a jakar da ruwa ba ya shiga. Shi kuma 330, in ya kama hannunka a daji kai kaɗai, babu mai buɗe maka. Ka sa maƙalin tsaro har sai ka gama kafe shi, ka ajiye igiya mai zarge a aljihun da za ka iya kai wa da hannu ɗaya, kuma ka koyi matse ƙarfen da ita a tsakar gida, da safar hannu, kafin ka je daji. Waya ba ta kamawa a mafi yawan wuraren nan. Ka nemi 'yar na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, kuma kullum kafin ka fita ka bar wa iyali taswirar zagayen da za ka yi ranar, da lokacin da in ya wuce ba su ji ka ba za su kira dattijon.